Wata takwas da kaskon baƙin ƙarfe: yadda ya kaya da taliya da naman sa a daren aiki

Kaskon da na yi shekara huɗu ina suya a cikinsa irin mai shafen nan ne da abinci ba ya kamawa. Ya yi mini aiki, ba zan ci amanarsa ba. Sai dai a ƙarshe shafen ya soma ɓarewa, ran da na ga baƙin ɓarɓashi a jikin ƙwan yara kuwa na ce to, zama ya ƙare. Rabin laifin nawa ne. Irin wannan shafe ba ya son zafin da ya haura digiri 260 a ma'aunin Celsius, ni kuma ƙure masa wuta nake yi, ga cokalin ƙarfe da nake kartarsa da shi kullum ina sauri. Da na tashi sayen wani sai Yayata ta ce in nemi na baƙin ƙarfe, irin na zubi mai nauyin nan, wai shi ne wanda jikokina za su gada. Na saya. Yau wata takwas ke nan, kuma abincin da na fi yi a cikinsa, aƙalla sau biyu a mako, shi ne taliya da niƙaƙƙen naman sa, komai a kasko ɗaya. Da wannan girkin zan auna shi, tunda dominsa na saya.

Ina shigowa gida daga aiki wajen ƙarfe shida da rabi, in tarar yara uku sun fara leƙen kicin, autan yana riƙe da gefen rigata. Ƙarfe takwas nake so a ce kowa ya ci an kwashe kwanuka. Duk girkin da zai sa in ɗora tukunya biyu, in tace wannan, in soya wancan, in tara wanke-wanke, sai ƙarshen mako. A ranakun aiki abin da zan fara in gama ina tsaye wuri ɗaya nake nema.

Faɗin kaskon santimita 30, zurfinsa kamar biyar, nauyinsa kuwa ya kai kilo uku da rabi ba komai a ciki. Ranar da aka kawo shi na ɗaga da hannu ɗaya, sai da wuyan hannuna ya amsa. Baƙi ne wuluk, cikinsa da ɗan kaushi kamar an barbaɗa yashi, takardar da ke manne da shi kuma ta ce an riga an gasa masa mai tun daga masana'anta, ana iya fara girki nan take. Yana da dogon mariƙi ɗaya, da ɗan kunne a ɗaya gefen don tallafi, da baki biyu na tsiyaye mai. Murfi kam babu, kuma zan dawo kan wannan.

Daren farko kunya na sha. Na ɗora shi a wuta, na tsiyaya mai, nan take na juye nama da sanyinsa na firij, na bi shi da albasa da gishiri, na kama juyawa ba ƙaƙƙautawa kamar yadda na saba. Cikin minti biyu ruwa ya kwanto a kaskon, naman ya koma toka-toka yana tafasa a cikin ruwan jikinsa, tsakiya kuma ya kama ƙam. Taliyar ma ta caɓe don na cika mata ruwa. Babbar 'yata ta kai loma biyu ta ɗago ta ce, "Umma, tsohon kaskon ya fi." Da aka kwanta na kira Yaya.

"Yaya, dutse kika sa na saya."

Sai da ta gama dariyarta sannan ta ce, "Minti nawa kika bar shi a wuta kafin ki zuba naman?"

"Wane minti? Ina ɗorawa na zuba."

"To ai ke kika ɓata. Ki ba shi minti biyar a matsakaiciyar wuta. In kin zuba nama ki cire hannunki, ki je ki yanka albasa. Ke dai tun kina yarinya juye-juye ne matsalarki."

Gaskiyarta, kuma daga baya na fahimci dalilin. Baƙin ƙarfe yana da nawa wajen ɗaukar zafi. Alminiyom, wanda da shi ake yin yawancin kaskon shafe, ya fi shi saurin yaɗa zafi ninki uku ko fiye. Saboda haka idan ba a ba shi lokaci ba, inda harshen wuta ke taɓawa ne kawai yake zafi, gefe yana nan da sanyi. Amma in ya ɗauka, ya ɗauka ke nan. Nauyin nan da nake ƙorafi a kansa shi ne rumbun zafin. Idan aka zuba rabin kilo na nama mai sanyi a siririn kasko, zafinsa yakan faɗi nan da nan, ruwan nama ya fito ya kwanta, kuma muddin akwai ruwa a kasko zafin ba zai wuce digiri 100 ba. Shi kuwa jan nan da nama ke yi, mai ƙamshin gashi, sai zafi ya kai wajen digiri 140 zuwa sama yake fara samuwa sosai. Wani masanin sinadarai Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ya bayyana yadda abin ke faruwa a shekarar 1912, har yau ma da sunansa ake kiran wannan sauyin. Ni dai abin da na riƙe: busasshen nama, kasko mai zafi, hannu a aljihu.

Yanzu ga yadda nake yi. Ina shiga kicin, kafin in ajiye jaka ma, nake kunna wuta in ɗora kaskon. Kafin in wanke hannu in fito da kaya minti biyar sun cika. Nakan yarfa ɗigon ruwa in gani. In ya yi tsalle ya ɓace, ya yi. Mai cokali ɗaya ya isa, don naman da nake saye yana da ɗan kitsensa, kamar kashi ɗaya cikin biyar, kuma na lura wanda aka tsame wa kitse tas yakan bushe ya zama kamar tsakuwa. Rabin kilo nake zubawa, in danne shi da bayan cokalin katako ya baje kamar faifai, sannan in juya masa baya. Minti huɗu cur ba na taɓa shi. A nan nake yanka babbar albasa ɗaya da tafarnuwa ƙwaya huɗu, in akwai tattasai ko karas in haɗa. Ƙarar suyar tana gaya mini inda aka kwana: da farko tana cuuu da ƙarfi, daga baya ta koma ƙas-ƙas-ƙas, alamar ruwa ya ƙone saura mai. Idan na sa cokali na ɗaga gefe, sai in ga ƙasan ya yi ja jawur, kuma ya saki kaskon da kansa ba sai na kankare ba. Sannan ne nake farfasa shi, in sa gishiri da masoro, in tura shi gefe in zuba albasar a cikin man da ya fitar.

Abin da ya fi burge ni da kaskon nan shi ne ƙanzon da yake bari. A tsohon kaskona nama yakan sulɓe ne kawai, ƙasa ya tashi fes, ashe rabin daɗin na tafiya tare da wannan tsabtar. A nan kuwa bayan an soya nama da albasa sai ki ga ƙasan kaskon ya yi wani ja mai duhu, ya manne. Da farko na ɗauka ƙonewa ne, har nakan ji tsoro. Ashe shi ne miyar. Nakan sa tumatirin gwangwani cokali biyu a kansa, in soya minti ɗaya har ya yi duhu, sannan in tsiyaya romo kofi ɗaya. Sai ya yi shuuu, tururi ya tashi, in bi ƙasan da cokalin katako, ƙanzon nan ya narke ya koma cikin ruwan. Ruwan da ya shiga fari sai ya koma ruwan ƙasa mai sheƙi a gaban idona. Ko ruwa zalla na zuba a ranar da babu romo, abincin yana fita da ɗanɗano kamar an yini ana dafa shi. Bambancin ƙanzo da ƙonewa kuwa hanci ke faɗa: ƙanzo ƙamshi yake, ƙonewa ƙauri. In har ya yi baƙi, gara a sauke a goge, don ɗacinsa zai bi abincin duka.

Taliyar ɗanya nake zubawa, ba na dafa ta daban. Irin mai faɗin nan da ake kwaɓawa da ƙwai na fi so, giram 250, don tana nuna cikin minti bakwai zuwa takwas kuma tana riƙe miya a lanƙwasarta. Ruwa ko romo gaba ɗaya kofi uku, wato kamar mililita 700, ya ɗan taɓo saman taliyar ba tare da ya nutsar da ita ba. Sitacin da take saki, wanda da a rariya yake ƙarewa idan an tace, shi ne yake kaurara miyar ta manne a jikin kowane zare. Idan ya tafasa sai in rage wuta ƙasa sosai, in rufe, in juya sau ɗaya a tsakiya. A nan ma sai da na koyi halinsa. Kaskon ba ya jin magana da wuri: ko na rage wuta yana ci gaba da ɓararraka na wani lokaci, ko na kashe ma yana ci gaba da dafawa. Saboda haka yanzu ina kashe wuta tun taliyar da sauran ɗan ƙarfinta, in watsa koren wake na firiza, in rufe, in bar zafin ƙarfen ya ƙarasa. Wani lokaci nakan gama da cuku kaɗan ko cokali biyu na yogot mara zaƙi. Mu biyar muke ci, har a rage wa maigidan na tafiya aiki.

Wannan girki na kasko ɗaya ba sabon abu ba ne. A Amurka ya yi suna ne tun 1971, lokacin da kamfanin General Mills ya fito da Hamburger Helper, kwali mai ɗauke da busasshiyar taliya da ƙullin kayan ɗanɗano, mai gida ta kawo nama da ruwa ta haɗa a kasko. Dabarar ɗaya ce da tawa, sai dai ni na fi son in san abin da na zuba, kuma gishirin yana hannuna.

Wani abu da ba na wasa da shi: niƙaƙƙen nama ba kamar tsoka ba ne. A tsoka ƙwayoyin cuta suna saman nama ne, wuta na taɓawa ta kashe su, amma niƙa yana cakuɗa na saman da na ciki. Shi ya sa Ma'aikatar Noma ta Amurka ta ce a dafa shi har cikinsa ya kai digiri 71, ta kuma yi gargaɗin cewa launi kaɗai ba shaida ba ne. A wannan girkin ba a samun matsala, tunda bayan suya naman yana ƙara minti takwas a cikin tafasasshen romo.

To, yabo ya isa haka. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, kaskon nan ma yana da nasa gudun.

Nauyin dai ba a saba masa. Idan ya cika da abinci ya haura kilo biyar, ba yadda za a yi in karkata shi da hannu ɗaya in juye a kwano. Da ludayi nake kwashewa, ko in ɗauke shi da hannu biyu in dire a tsakiyar tebur kan katako. Mahaifiyata ta zo mana kwana biyu ta ce za ta taya ni, ta kama mariƙin ta saki, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan ai sai maƙeri." Wanda ke fama da ciwon wuyan hannu ko kafaɗa, ina ganin ya nemi ƙarami ko ya haƙura.

Mariƙin kuma ƙarfe ne, haɗe yake da jikin kaskon, zafin da ke ciki shi ne a hannun. A mako na uku autana ya jawo wani abu a bayana, na waiwaya, na dawo na cafki mariƙin da tafin hannu ba tsumma. Har yanzu akwai ɗan farin tabo a gindin babban yatsana. Tun daga ranar nake rataya tsumma a kan mariƙin da zarar na kunna wuta, ya zama tuta ga duk mai shigowa kicin.

Rashin murfin shi ya fi ba ni haushi, don girkin taliya a kasko ba ya yiwuwa sai an rufe. Idan ba a rufe ba ruwan yakan ƙone kafin ta nuna, na sama ya bushe na ƙasa ya caɓe. Murfin wata babbar tukunyata nake aro, bai zauna daidai ba saboda bakin tsiyayar nan biyu, tururi na fita ta nan, dole nake ƙara rabin kofin ruwa. Ban ga dalilin da za a sayar da kasko mai zurfi irin wannan ba murfi ba.

Sai maganar tumatir. Wata rana na ce bari in ƙara armashi, na juye gwangwani guda na markaɗaɗɗen tumatir, waya ta ɗauke mini hankali, ya yi kusan minti arba'in yana dahuwa. Abincin ya fito da wani ɗanɗano kamar an lasa tsabar kuɗi, ƙasan kaskon kuma ya yi fari-fari, gashin man ya ci. Tsami yana cinye wannan rufin, musamman a sabon kasko da bai riga ya yi kauri ba. Cokali biyu na tumatirin gwangwani da dahuwar minti goma ba su taɓa yi mini komai ba. Doguwar miyar tumatir kam tukunya daban nake nema mata. Haka nan ba a barin ragowar abinci ya kwana a cikinsa. Ina kwashewa a roba mai murfi, in sa a firij kafin awa biyu su cika, mu cinye cikin kwana uku.

Babbar masifar ta faru ne a wata na biyu. Na kwanta da ciwon kai, maigidan ya ce zai yi wanke-wanke, Allah ya saka masa. Ya cika kaskon da ruwa ya bar shi ya jiƙa har safe, kamar yadda ake yi wa kowace tukunya. Da safe na tarar da zoben tsatsa ja ya zagaye cikinsa. Na tsaya ina kallo, shi ma ya tsaya yana kallona.

"Maman yara, na kashe shi ko?"

Ni ma na ɗauka ya mutu. A nan ne kaskon ya saye ni, don da na shafe ne aka yi wa irin wannan lahani, sai shara. Shi kuwa na sa soson waya na dirje tsatsar tas, na wanke, na ɗora a wuta ya bushe ƙayau, na shafe shi da mai ciki da waje, sannan na goge man da tsumma har ya zama kamar ban shafa ba. Na kifa shi a obin a digiri 230 na awa ɗaya, na bar shi ya huce a ciki. Sau biyu na yi haka, ya dawo baƙi yana sheƙi. A gwajin farko ma na cika mai, ya fito yana danƙo kamar an zuba ƙaro, sai da na sake dirjewa. Man da ake so ɗan kaɗan ne ƙwarai, don zafi ne yake mayar da siririn shafen ya zama busasshen rufi mai tauri. Idan ya yi yawa ba ya gasuwa.

Wankinsa na kullum bai kai yadda ake tsoratar da mutane ba. An ce mini kar sabulu ya taɓa shi. Ni ina sa ɗan sabulun wanke-wanke, ban ga abin da ya yi masa ba, don man da ya gasu ya riga ya zama wani abu daban, kumfa ba ta ɗauke shi. Abin da ba ya yafewa shi ne jiƙo da barin danshi. Ina bari ya ɗan huce, don zuba ruwan sanyi a ƙarfe mai zafi na iya tsaga shi, in wanke da ruwan ɗumi, in mayar kan wuta minti biyu, in shafa ɗigon mai. Duka-duka minti biyar ne. Amma minti biyar ne na dole, ko da barci yana fizgar idona, kuma ba aikin da zan bar wa yara ba ne tukuna.

Game da lokaci, gara in faɗi yadda abin yake. Ana yawan cewa irin wannan girki na minti ashirin ne. Na sa agogo sau da dama, daga kunna wuta zuwa zuba wa yara minti talatin da biyar nake yi, wani lokaci arba'in. Tsohon kaskona ya fi shi sauri da kamar minti biyar. Inda nake samun riba shi ne a bayan cin abinci: kasko ɗaya, wuƙa, katakon yanka, cokali, shi ke nan. Ba tukunyar taliya, ba rariya. Kuma da yake ƙarfen yana riƙe zafi, idan maigidan ya makara da rabin awa yakan tarar da abincin da ɗuminsa ba sai an sake kunna wuta ba.

Kaushin nan na cikinsa ya ragu sosai a wata takwas ɗin nan. Har yanzu bai kai santsin kaskon shafe ba, ƙwai yakan ɗan kama idan na yi rowar mai, shi ya sa na sayi ɗan ƙaramin kaskon shafe na ajiye don ƙwai kawai. A wajen nama da taliya kuwa ba na jin zan koma baya. Da za a ce in ba shi maki, huɗu cikin biyar zan ba shi, ɗayan na riƙe saboda murfi da nauyi. Wadda ke girka wa mutum huɗu zuwa shida, tana da ƙarfin hannu, kuma ta san ba za ta kwanta ta bar shi a jiƙe ba, ta saya. Mai girkin mutum ɗaya ko biyu, na santimita 25 ya ishe shi, ya fi sauƙin ɗauka.

Jiya ma shi na yi. Babbar 'yar tawa, wadda ta ce tsohon kaskon ya fi, ita ce na kama a kicin bayan an gama ci, tana bin gefen kaskon da cokali tana kankaro taliyar da ta ɗan soyu ta manne. Na ce ta sauka daga kan kujerar kafin ta jawo shi ya faɗo mata a ƙafa. Murfin dai har yanzu na tukunya nake aro.